Itacen Mutum Ɗaya

Mai yana tsiyaya daga tsohon injin faskaren, ni kuma ina zaginsa. 'Yata Ximena ta riga ta yanke hukunci: in sanyi ya shigo ban tara itace ba, birnin Santiago za ta kai ni, gidan mijinta Hernán, a jingine ni kamar tsohuwar kujera.

Maƙwabcina Eladio ya leƙo ta shinge, yana min ba'ar ɗan boko. "Malam, karanta masa littafi mana, ko ya tashi."

Na yanko roba daga takalmin ruwan marigayiya matata, na ɗaure tiyon man da ya tsage. Injin ya tashi. Na yi faskare daidai na mutum ɗaya.

Ximena ta iso da akwati.

"Ba inda za ni," na ce.

"Akwatina ne, Baba." Idonta a kumbure. "Mun rabu da Hernán. Itacen zai ishe mu, har da yaran?"