Masar Malama Rifkatu

Wata ranar da la'asar, ana gab da jarrabawarmu ta aji biyar, Mama ta miƙo mini kula cike da masa, ta ce in kai wa Malama Rifkatu, malamar ajinmu, da ke haya a bayan layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Iya sanina, ba ta taɓa aika mata komai ba.

Na tarar da Malama tana wanki. Ta buɗe kular, ƙamshin man shanu ya tashi, ta daɗe tana kallona.

"Ki ce wa Hajiya na gode," in ji ta. "Ki ce kada ta damu."

"Da me, Malama?"

"Ita ta sani. Maza ki koma kafin magariba."

A zangon nan na zo ta biyu, ni da ban taɓa shiga goman farko ba. Ina jin dai na yi karatu. Wataƙila ma wata maganar ce daban tsakaninsu, ba na son ɗaukar alhakin Malama. Yau na gama jami'a, kullum muna waya da Mama, amma ban taɓa tambayarta ba. Tsoro nake ta ba ni amsa.