Littafin da Akanta Ba Ta Karanta Ba

Lokacin hutun rana ma'aikata sun taru a ɗakin shan shayi suna hirar littattafai. Sakatariya ta dage sai kowa ya nemi wanda ta gama jiya, wai har kuka ya sa ta.

"Ke ai ko tallan sabulu sa ki kuka yake yi," in ji Injiniya. Aka tuntsire da dariya. Ya juya wajen Akanta, wadda yake shirin aura. "Ke kuma littafin da na ba ki fa? Ko kin mayar da shi matashin kai?"

Ba ta yi dariya ba. Sai da kowa ya watse, ya rage su biyu, ta ciro littafin daga jaka.

"Ban karanta ba. Ba na ganin rubutun." Ta ajiye shi a kan tebur. "Likita ya ce ganina raguwa yake yi, bai san inda abin zai tsaya ba. Ka ce wa su Kawu kada su zo gidanmu neman auren tukuna."

Ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa, amma daga inda yake tsaye dishi-dishi kawai take gani. Ko ƙofa yake kallo?

Ya jawo kujera ya zauna a gabanta.

"Daga nan kina ganina?"

"Ina gani."

Idanunsa sun yi ja. "Wallahi ni ma na tsorata. Amma su Kawu za su zo ranar Asabar, yadda aka sa."