Munduwar da Ta Ƙi Narkewa

Istifanus ya ɗaga munduwar, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Hannunsa ne ya riga kansa ganewa.

Tun ranar jana'iza take ƙulle cikin tsumma a kan taga, ya kasa kwancewa. Kawunsa Maitama ne ya kawo ta daga hanyar Funtua, inda motar auduga ta kife ta kama da wuta, da mutanen da suka hau saman kaya. Matarsa Rahab na cikinsu, za ta suna gidan yayarta. Ba a gane kowa da fuska ba. Da munduwar aka gane ta, don duk garin Ƙarfi an san zanen nan na sawun tsuntsu aikin Istifanus ne. Aka naɗe abin da aka samu, aka binne a bayan coci.

Yau ya kwance tsumman. Ta yi baƙi ƙirin, amma ko lotsawa ba ta yi ba. Kuma tana da nauyi.

Shi maƙerin fari ne, zobe da warwaro da ludayi yake zubawa. Shekarar da ya nemi Rahab, ubanta ya ce sai da munduwar azurfa, ga shi damina ta yi gardama. Sai ya fasa tsohuwar tukunya ta goran-ruwa, farin ƙarfen nan maras nauyi, ya narka, ya zuba, ya goge da toka da lemun tsami har tana ɗaukar ido. Ya ce azurfa ce. Tsohon ya hango ta a hannun 'yarsa ya gyaɗa kai. Ita kuwa ta juya ta, ta yi murmushi, ta ce ta yi mata daidai, ba ta gajiyar da hannu.

Ya kankare baƙin da bakin wuƙa. Fari ya fito, mai sanyi kamar wata. Ya sake ta a kan uwar maƙera, ta yi ƙara siririya mai daɗewa. Tukunya ba ta wannan kukan.

Ya san halin kowane ƙarfe kamar halin maƙwabci. Azurfa sai an yi ta zuga har gumi ya jiƙa riga kafin ta sallama. Goran-ruwa kuwa, da gawayi ya yi ja ya zama ruwa. Kuma Maitama da bakinsa ya ce tukwanen wani ɗan kasuwa sun narke a wutar nan, sun kwarara kan kwalta kamar kunu.

To yaya za a yi ta Rahab ta tsira?

Ya shiga ɗaki ya zazzage akwatinta, ya ɗaga katifa, ya leƙa cikin kwanoni. Tata ba ta nan. Da ita ta fita ke nan. Wannan ta hannunsa ta wata ce.

Ya iske Maitama yana sussukar dawa.

"Kawu, ba ita muka binne ba."

Maitama ya dube shi, ya dubi ƙasa. "Ka ci abinci yau kuwa?"

"Ba ku kuka ce an kwashi wasu zuwa asibiti Zariya ba?"

"An kwasa. Istifanus, ka bar wa Allah."

Bai tsaya ji ba, don ya riga ya tuna. Sau ɗaya tak ya taɓa zuba wannan zanen da azurfa. Bara da kaka, Hansai dillaliya ta zo daga Malumfashi da karyayyun 'yan kunne a ƙulle, ta ce a yi mata irin ta matarsa, kada a canza komai. Ita kaɗai ta san wadda ta saya.

Ya hau keke. Gonaki na wucewa, itatuwan auduga an tsince su sun tsaya tsirara. Yana ta ganin Rahab a gadon asibiti, an naɗe ta da farin ƙyalle, ana tambayar sunanta ta kasa faɗa. Ya ji daɗi, sai kuma ya ji kunyar daɗin, don wata uwa na can tana jiran 'yar da ke kwance a bayan cocinsu. Sarƙar keken ta zame, ya mayar, ya ci gaba. In ya same ta, abin da zai fara faɗa mata shi ne maganar tukunyar.

Hansai na tsakar gida tana ninke zannuwan talla. Da ta gan shi sai hannunta ya tsaya.

"Mijin Rahab. Yaya ƙarin haƙuri?"

"Inna, wa kika sayar wa wannan?" Ya miƙa mata. "'Yar mutane muka binne. A gaya wa danginta, ni kuma in tafi neman tawa."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana shafa baƙin da babban yatsa.

"Zauna, ɗan nan."

"Ba zama na zo yi ba."

"Ban sayar wa kowa ba, aike ne. Mai ita da audugar gayaunarta ta tara azurfar. A wurina take ajiyewa. In za ta shiga dangi sai ta biyo ta sa, ta ƙulle ɗayar a bakin zane. Ran nan ma ta nan ta bi kafin ta je tasha."

Ta ɗago ido.

"Ta ce 'yan'uwanta sun fara ɗaga munduwar aurenta a tafin hannu suna kallon juna, ba za ta bari a yi wa maigidanta dariya ba. Roƙo ɗaya Rahab ta yi mini, kada ka taɓa sanin ta sani."