Shekarar Jiran Malam Kalilu

Mika'ilu ya ɗora kwamfutarsa a kan kwalin taliya don fuskarsa ta fito daidai, ya gyara hula, ya rufe tagar ɗakinsa na unguwar Sri Petaling a Malesiya saboda ruwan la'asar ya fara feshi. A can gida hantsi ne. 'Yan kwamitin lafiya na majalisar jiharsu sun zauna, an ce ya yi magana a taƙaice.

Dokar da yake yaƙa ba ta da tsawo. Duk dattijon da bai shiga inshorar lafiya ta jiha a lokacin da aka buɗe rajista ba, in ya zo daga baya, sai ya jira shekara guda cur kafin a biya masa babban magani. Wanda ya rubuta ta, da gani bai taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ba.

Malam Kalilu, mahaifin Mika'ilu, yana cikin waɗanda suka makara. Watan rajistar ya faɗo daidai lokacin da tsohon ke zaryar ofisoshi a ƙafa, yana neman masu tsaya wa ɗansa don a ba shi tallafin karatu a Malesiya. Ɗa ya hau jirgi, ƙofar rajista ta rufe. Da ciwon ya kwantar da shi, aka ce ya shiga layin jira. Abin ya tsaya wa Mika'ilu a rai har ya sauya batun digirinsa na uku, ya koma kan wannan doka.

Shi da mahaifin nasa ba su taɓa zancen ba. Mika'ilu ɗan fari ne, Malam Kalilu kuwa mutumin da ne: ko sunansa bai taɓa kira ba, balle ya karɓi waya su yi hira. Mahaifiyarsa Iya ma haka, sai dai ta gilma ta bayan kyamara ta ce a gaida na Malesiya. Ƙanwarsa Hasna ce bakin gidan, ita ke kai saƙo ta dawo da amsa.

Asabar da Lahadi yana tsaron shagon Alhaji Bello, ɗan garinsu, a unguwar Chow Kit, yana tura abin da ya samu don wankin ƙoda. Wata rana Hasna ta ce ya bari haka, kawunsu ya ɗauke nauyin. Ya tambayi jikin Baba.

"Ya ce in faɗa maka ka gama abin da ya kai ka," in ji ta.

Ya ji daɗin saƙon, ya ƙara ƙaimi. Iya, wadda ba a suna ko biki a unguwa babu ita, ta koma kullum tana tsakar gida a kan tabarma. Jinya ke nan, ya ce a ransa, ba ta barin mutum ya leƙa ko ƙofar gida.

Ranar da ya sayo shadda ruwan toka a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, ya nuna wa Alhaji Bello, ya ce wa Baba za a ɗinka. Alhajin ya shafa yadin, ya daɗe yana shafawa.

"Ajiye ta tukuna, Dokta. Zo mu makan, lah, mu ci abinci, duk ka rame."

Ya riƙe masa hannu har shagon abinci na mamak, ya hana shi biya.

Yanzu ga shi gaban kwamiti. Wani ɗan majalisa mai carbi a hannu ya ce ba a fafe gora ranar tafiya; in aka cire horon, kowa zai zauna sai ciwo ya kama shi sannan ya rugo. Mika'ilu bai musa ba. Ya ce a ɗora wa wanda ya makara ɗan ƙari a kan abin da yake biya, amma kada a ce masa ya jira, domin ciwo ba ya jiran kowa. Ya ba su labarin wani dattijo da ya makara saboda hidimar ɗansa. Bai faɗi suna ba, amma muryarsa ta tona shi.

Aka shiga ja-in-ja irin na majalisa, yau a ɗage, gobe a ce shugaba ya yi tafiya. Sai wata Juma'a, yana saukowa daga jirgin ƙasa na LRT, saƙo ya shigo: an soke jiran, kuma gyaran ya haɗa da waɗanda ke kan layi. Mika'ilu ya zauna a kan benci yana dariya, hawaye na zuba, mutane na ratse shi. Bai taɓa jin sauƙi irin na ranar ba.

Nan take ya kira gida ta bidiyo. Hasna ta ɗauka, bayanta tsakar gida cike da mata, an ɗora manyan tukwane.

"Hasna, an soke! Gobe-goben nan ku kai Baba asibiti. Yau kam, kunya ko ba kunya, ki kai masa wayar nan ya ji daga bakina."

Hasna ta waiga tana neman Iya.

Kafin ta samo abin faɗa, Gwaggo Walida, ƙanwar Malam Kalilu, wadda ta iso daga ƙauye da safen nan ba wanda ya ja ta gefe ya yi mata bayani, ta karɓe wayar ta kanga ta a fuska.

"Ɗan nan, kai ne? Ya ƙarin haƙuri? Ga mu mun taru, yau uwarka take fita takaba."