Mahaɗin Sanda Biyu

Karo na uku ke nan ƙarfen ya dawo daga Legas, maƙerin Ƙofar Jatau ya yi wurgi da shi. 'Yarsa mai tuƙa ƙaramin jirgin ruwa na iska a can ce ta roƙe shi ya ƙera mata mahaɗin sandar tsaye da ta kwance, masu riƙe ƙyallen da iska ke turawa. Duk dawowa ƙara ɗaure shi yake, ga gasarta saura kwana biyar.

Ya kira ta a waya. "Shekara arba'in ban haɗa abin da ya girgiza ba! Me kuma ya rage?"

"Baba, nauyinka nake ji. Ya matse da yawa. In bai juya ya bi iska ba, kifewa zan yi."

Ya ɗauko ƙarfen daga inda ya yi wurgi da shi. Sannan ya jawo magagari yana ƙunƙuni, ya yi ta goga har ƙarfen ya soma lilo.