Jirgin Buhuna

Tsoho Kafinta ya ɓalle igwa ta ƙarshe daga ɗan jirgin yaƙin da ya sassaƙa da hannunsa, ya ja tsaki. Abokan wasansa ne suka yanke hukunci: yaƙin ruwan da suke bugawa a kan tebur yana buƙatar jirgin fatake, kuma nasa za a mayar.

Ya yanka tsohuwar riga ya ɗaura masa filafilai, ya loda ƙananan buhuna. Ko kallonsa ba ya son yi.

"Shekara ashirin ina nutsar da jiragenku," ya ce wa Tela, "yau kun mai da ni ɗan dako. Tir!"

"Ajiye shi a tsakiya, Yaya, ka bar ƙunƙuni."

Ya dangwarar, yana jiran a ragargaza shi a yi dariya. Sai jiragen yaƙi shida suka kewaye shi, bakin igwoginsu na kallon waje.

"Sabuwar doka ce," in ji Tela. "Jirginka na nutsewa, duk ɓangarenmu mun faɗi."

Kafinta ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara zama.

"Ashe 'yan gadi na samu. Kai Tela, matsa gefe, kana tare wa maigidanka iska."