Rigar Babban Akawu

"Malam, wannan rigar taka ce?" in ji babban akawu.

Mai neman aiki ya dubi rigar da ke jikinsa. Wata huɗu ke nan yana zarya daga Kawo zuwa ofisoshin gwamnati, yau kuma mutum ashirin ne a layi kan gurbin masinja ɗaya tak. Mutanen yanzu sun ɗauka tufa ke ba da aiki. Shi ma ya bi sahu, ya yi hayar babbar riga mai aska takwas wurin wani mai wanki a Kurmin Mashi.

Ƙarya ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta.

"Ranka ya daɗe, ta haya ce. Mai wanki ya ce mai ita wani mai tumbi ne, ba ya nemanta sai Juma'a."

Babban akawu ya dubi nasa tumbin, ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

"Tawa ce! Kai ne na uku da ya shigo mini cikinta a makon nan. Biyun farko sun rantse gadon ubansu ce. Ni ba na ba maƙaryaci takardar gwamnati ya kai. Ka zo ran Litinin a gwada maka kaki. Rigar kuwa, tuɓe ta nan kafin na huɗu ya iso."

Da azahar aka ga wani mutum yana ratsa Kawo daga shi sai singileti da wando, yana ɗaga wa kowa hannu kamar wanda aka yi wa naɗin sarauta.